Kurakuran da aka fi yi idan kwamfutar gida ta riƙa mutuwa da kanta

Kwamfutar da ke mutuwa tana tashi da kanta, ko ta ƙage cak a tsakiyar aiki, ko ta nuno shuɗin allon nan na Windows, yawanci tana ajiye bayanin abin da ya same ta a cikinta. Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne gaggawar kai ta shago a ce a yi mata fomat. Sake zuba Windows yana share wannan bayani gaba ɗaya, kuma idan asalin matsalar zafi ne ko lalacewar RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ba za a daɗe ba za ta koma halinta, bayan an yi asarar kuɗi da takardu da hotunan da ba a kwafe ba.

Na biye da shi shi ne rashin karanta abin da allon ya rubuta. A ƙasan shuɗin allon, wanda a sababbin fitowar Windows 11 ya koma baƙi, akwai sunan kuskuren da manyan baƙaƙe. MEMORY_MANAGEMENT yakan nuna RAM, IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL yakan nuna direba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da wani sashe na na'urar, shi kuwa WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR yana nufin kayan cikin na'urar ne da kansu suka kai ƙara. A ɗauki hoton allon da waya. Idan yana ɓacewa kafin a karanta, a shiga Startup and Recovery a cire alamar da ke kan Automatically restart. Haka kuma, idan aka rubuta perfmon /rel a akwatin bincike, Reliability Monitor zai buɗe ya jero kowace mutuwa da ranarta, tare da manhajojin da aka zuba a daidai lokacin, kuma sau da yawa a nan ake gane cewa matsalar ta soma ne washegarin ranar da aka sa wani abu sabo.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata a sani. Masu ɗan leƙa Event Viewer, wato kundin da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, sukan ga Kernel-Power mai lamba 41, su yanke hukuncin cewa akwatin wutar kwamfutar ne ya lalace, su je su sayo sabo. Wannan lambar ba ta faɗin dalili. Abin da take cewa kawai shi ne na'urar ta mutu ba tare da an kashe ta bisa ƙa'ida ba, kuma za ta fito ko da mutum ne ya danne maɓallin kashewa da yatsansa.

Zafi kuwa an fi raina shi fiye da komai. Kwamfutar da ke ɗaukewa ɗif ba tare da wani allo ba, musamman lokacin aiki mai nauyi kamar tace bidiyo ko wasa, kare kanta take yi, domin firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, yana rage gudu idan zafinsa ya doshi digiri 95 zuwa 100, idan kuma ya wuce haka sai ya kashe na'urar. Manhajar HWMonitor tana nuna wannan zafi kyauta. Mutane da yawa suna ɗora kwamfutar tafi-da-gidanka a kan katifa ko darduma, kofofin iskarta na ƙasa su toshe, sannan ƙurar hunturu ta taru a fanka har ta zama kamar auduga, ga zafin bazara a kai. Gyaran shi ne a ɗora ta a kan tebur, a buɗe a share ƙurar, kuma idan na'urar ta kwana biyu a sauya man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen da ke zuƙe zafi, wanda yakan bushe. Wajen hura iska a riƙe fankar kada ta juya, saboda juya ta da ƙarfi yana iya lalata ta.

Sai batun wuta. Kwamfutar tebur da ke mutuwa a duk lokacin da aka sauya daga wutar NEPA zuwa janareto, ko lokacin da firiji ya tashi, ba Windows ne ke da laifi ba. Soket mai baki da yawa ba ya maye gurbin UPS, wato na'urar mai batiri da ke riƙe kwamfuta idan wuta ta ɗauke, shi ma UPS ɗin da batirinsa ya mutu ba ya riƙe komai. Cajar da ba ta kai ƙarfin ta asali ba ita ma tana jawo irin wannan. Mutuwar bazata tana ɓata fayilolin Windows, don haka bayan an daidaita wutar a buɗe Command Prompt da izinin mai gudanarwa a rubuta sfc /scannow domin ya duba su ya gyara.

Wani kuskuren shi ne zuba manhajojin da ke alƙawarin sabunta dukkan direbobi da dannawa ɗaya, ko haɗa manhajojin kashe ƙwayoyin cuta guda biyu bisa zaton tsaro ya ƙaru. Irin waɗannan suna aiki ne a can cikin ƙuryar Windows, inda kuskure ɗaya ke durƙusar da komai. A ranar 19 ga Yuli, 2024, wani sabuntawa mai aibi daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya jefa na'urori kimanin miliyan 8.5 cikin shuɗin allo bisa ƙiyasin Microsoft, har zirga-zirgar jiragen sama ta tsaya a ƙasashe da dama. Idan kwamfuta ta zauna lafiya a Safe Mode, wato yanayin da Windows ke tashi da direbobin dole kaɗai, amma ta mutu a buɗewar yau da kullum, zargi ya fi karkata ga direba ko manhaja. A shiga Device Manager a yi Roll Back Driver, wato a mayar da tsohon direban, ko a sauko da direban daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar. Manhajojin sata da aka fasa makullinsu su ne na farko da ya kamata a cire.

RAM kuma ana gwada shi ne, ba a yi masa zato. Windows Memory Diagnostic yana cikin Windows, amma MemTest86 da ake tayarwa daga filasha ya fi tsanani, kuma kuskure ɗaya tak a sakamakonsa ya isa a ɗauki mataki. Idan RAM biyu ne, a cire ɗaya a gwada, sannan a musanya. Abin lura a nan, da ma a sauran gwaje-gwajen duka, shi ne a sauya abu ɗaya kaɗai a lokaci guda a jira a gani. Wanda ya share ƙura, ya sauya RAM, ya cire direba duk a yini ɗaya ba zai san wanne ne ya yi magani ba, kuma idan matsalar ta dawo sai ya soma daga farko.

Faifan ajiya shi ne ke buƙatar taka-tsantsan. Idan CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, ya nuna Caution, ko ana jin faifan yana ƙas-ƙas, a kwafe muhimman takardu zuwa wani wuri kafin a gudanar da chkdsk, wato umarnin Windows na binciken faifai, domin dogon bincike yana iya ƙarasa faifan da ya riga ya raunana. Fomat yana da amfani ne bayan zafi da wuta da RAM da faifai duk sun fita lafiya. A lokacin ma, mai Windows 10 ya tuna cewa Microsoft ya daina tallafa masa na yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025, saboda haka ya duba ko na'urarsa za ta ɗauki Windows 11 kafin a sake zubawa.