Yadda za ka karanta littattafan Octavia Butler: daga ina za ka fara, wanne za ka bari sai ƙarshe

Octavia E. Butler, baƙar fata 'yar Amurka, marubuciyar ƙagaggun labaran kimiyya, ta bar ƙagaggun littattafai 12 da kundi ɗaya na gajerun labarai kafin rasuwarta a ranar 24 ga Fabrairun 2006, tana da shekara 58. Ba su da yawa, mai himma zai iya gama su cikin shekara guda. Inda ake samun matsala shi ne tsarin da aka bi. Goma daga cikin littattafan nan jeri-jeri ne, wasu an rubuta ƙarshen labarinsu kafin farkonsa, wasu kuma ana sayar da su da suna biyu. Wanda ya shiga ta ƙofar da ba ita ba yakan ajiye littafin a shafi na hamsin, ya ce matar nan ba tasa ba ce.

Ka fara da sanin wace ce ita, domin rayuwarta tana cikin rubutunta. An haife ta a ranar 22 ga Yunin 1947 a Pasadena, jihar Kalifoniya ta Amurka. Mahaifinta mai goge takalma ne, ya rasu tana ƙarama. Mahaifiyarta aikatau take yi a gidajen Turawa, takan tafi da ita wurin aiki, yarinyar tana kallon yadda ake shigar da uwarta ta ƙofar baya. Tana da larurar da ke sa haruffa su riƙa rikicewa mai karatu, ga tsananin kunya, duk da haka laburaren garin ya zama gidanta na biyu. Da ta girma ta yi wanke-wanke, ta yi aikin duba soyayyen dankali a masana'anta, tana tashi ƙarfe biyu ko uku na dare ta yi rubutu kafin ta fita aiki. A 1970 ta halarci horon marubuta na Clarion, littafinta na farko kuma ya fito a 1976. Shi ya sa jarumanta ba sarakuna ba ne. Mutane ne da wani ya fi su ƙarfi, suna neman yadda za su rayu a ƙarƙashinsa ba tare da sun rasa kansu ba. Riƙe wannan, shi ne zaren da ya ɗinke littattafan duka.

Mataki na farko: gajerun labarai

Nemi Bloodchild and Other Stories, amma ka tabbata bugu na biyu ne, na 2005. Na farkon, na 1995, ba shi da labarai biyu da aka ƙara daga baya. Kada ka fara da labarin da ke shafin farko. Tsallaka zuwa "Speech Sounds", mai tsawon kimanin shafi 20, wanda ya ci kyautar Hugo ta ƙagaggun labaran kimiyya a 1984. Wata cuta ta raba mutane da magana da karatu, wata mata mai suna Rye ta hau bas daga Los Angeles za ta Pasadena, faɗa ya kaure a cikin motar, babu mai iya ba wani haƙuri da baki. Zama ɗaya ya isa ka gama shi, kuma zai nuna maka ko Turancinta ya yi maka. Jimlolinta gajeru ne, ba ta ƙawa, mai Turancin sakandare zai bi ta da ƙamus a gefe.

Daga nan ka koma kan "Bloodchild", wanda ya ci kyaututtukan Nebula da Hugo duka. Wani yaro ne, Gan, da aka zaɓa ya ɗauki ƙwayayen wata halitta mai kama da ƙaton shanshani a cikin jikinsa. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ce labarin bauta ne aka sa masa riga. Butler da kanta ta musanta haka a bayanin da ta rubuta a ƙarshensa, ta ce labari ne na ƙauna da balaga, da kuma kuɗin hayar da baƙo ke biyan mai gida. Kowane labari a kundin yana da irin wannan ɗan bayani. Ka karanta shi bayan labarin, kada ka riga.

Mataki na biyu: Kindred

Wannan na 1979 shi kaɗai yake tsaye, bai kai shafi 300 ba, kuma shi ne ƙofar da ta fi dacewa da yawancin mutane. Dana baƙar fata ce, marubuciya, tana cika shekara 26 a ranar 9 ga Yunin 1976 sai jiri ya ɗebe ta a falonta, ta buɗe ido a bakin wani kogi a jihar Maryland a zamanin bauta. Wani yaro Bature yana nutsewa, ta tsamo shi, ta hura masa numfashi, tana juyowa ta ga bakin bindiga a fuskarta. Yaron shi ne Rufus Weylin, ɗan mai gandun bayi, kuma kakan kakanninta ne. Duk lokacin da ransa ya shiga haɗari sai a fizgo ta, ba ta komawa gida sai ta ji nata ran yana gab da fita.

Ka ajiye takarda a gefe, ka riƙa rubuta abu uku a kowace tafiya cikin tafiye-tafiyenta shida: shekarun Rufus, tsawon zamanta a can, da tsawon lokacin da ya wuce a 1976. Lokutan biyu ba sa tafiya tare. Akwai inda ta yi kwana takwas a gida, mijinta Kevin, wanda Bature ne, ya yi shekara biyar a can baya. Wanda bai lura da wannan ba zai rasa dalilin da ya sa Kevin ya dawo kamar wani mutum dabam.

Abu biyu ke ɓata wa mutane karatun nan. Na ɗaya, jiran a bayyana yadda tafiyar take faruwa. Babu na'ura, babu bayani har shafin ƙarshe, kuma da gangan ne. Na biyu, saurin yanke wa bayin hukunci, musamman Sarah mai girki da Alice, a ce me ya hana su tawaye. Wannan tambayar ce ta haifi littafin. Butler tana ɗaliba a kwalejin Pasadena ta ji wani saurayi ɗan gwagwarmaya yana zagin magabata don sun sunkuyar da kai, ita kuwa tana tuna uwarta da ƙofar baya. Sai ta ɗauki mace 'yar zamani mai ilimi ta jefa ta cikin gandu, don a ga cikin kwana nawa ita ma za ta koyi sunkuyawa. Wajen saye ka duba bango da kyau, akwai na zane-zane mai wannan suna da ya fito a 2017. Yana da kyau, amma ba zai maye gurbin asalin ba.

Mataki na uku: zaɓi jeri ɗaya ka gama shi

Mai son abin da ya yi kusa da labaran yau ya ɗauki Parable of the Sower na 1993. Kundin ajiyar sirri ne na Lauren Olamina, 'yar shekara 15, ya fara daga watan Yulin 2024 a wata unguwa mai katanga kusa da Los Angeles, inda ruwa ya yi tsada, 'yan sanda sai an biya su. Ka riƙa duba kwanan watan da ke saman kowane shigarwa, domin wani lokaci ana tsallake watanni. Lauren, 'yar limamin coci, ta ƙirƙiri addininta mai suna Earthseed, kuma baitocinsa ne ke buɗe kowane babi. Wannan zai yi wa mai karatu Musulmi ko Kirista nauyi, gara ya sani tun kafin ya buɗe. Abin da zai taimaka shi ne ya ci gaba zuwa na biyu, Parable of the Talents na 1998, inda 'yar Lauren ta karɓi alƙalami tana tuhumar uwarta da fifita aƙidarta a kan iyalinta. Masu ba da labari sun yi yawa a na biyun, don haka ka duba sunan da ke saman kowane sashe kafin ka ci gaba. Butler ta yi niyyar na uku, ba ta gama shi ba, amma na biyun ya rufe labarin yadda ba za ka ji an bar ka a hanya ba.

Mai son halittun wata duniya ya nemi Dawn na 1987, Adulthood Rites na 1988 da Imago na 1989, a jere yadda suke. Su ne aka haɗa wuri ɗaya da sunan Xenogenesis, daga baya a 2000 aka sake musu suna Lilith's Brood. Abu ɗaya ne, kada ka biya kuɗi sau biyu. Lilith Iyapo ta farka a jirgin saman wasu halittu da ake kira Oankali, shekara 250 bayan yaƙin nukiliya. Sun ceci ragowar mutane, amma ladansu shi ne su cakuɗa ƙwayoyin gadonsu da na ɗan Adam. Jinsinsu uku ne: namiji, mace, da ooloi, wanda Turancin littafin yake kira da wakilin sunan da ake kiran abu da shi. Idan ka mayar da ooloi namiji a zuciyarka, littafi na uku zai rikice maka gaba ɗaya. Kada kuma ka ɓata lokaci kana neman wanda ke da gaskiya tsakanin Oankali da mutane. Sun warkar da cutar daji, sun kuma hana duk wanda ya ƙi su haihuwa.

Jerin Patternist ne ya fi bukatar jagora, domin daga ƙarshe ta fara rubuta shi. Patternmaster ya fito a 1976, Mind of My Mind a 1977, Wild Seed a 1980, Clay's Ark a 1984. Tsarin labarin kuwa shi ne Wild Seed, Mind of My Mind, Clay's Ark, sannan Patternmaster, kuma haka aka jera su a kundin Seed to Harvest na 2007. Wannan tsarin muke ba da shawarar a bi. Wild Seed ya fara a 1690 a ƙasar Ibo, inda Doro, ɗan asalin tsohuwar Kush da ke yankin Sudan ta yau, wanda ya kusa shekara dubu huɗu yana sauya gangar jiki ta hanyar kashe masu ita, ya gamu da Anyanwu, mai magani 'yar shekara 300 da ke iya rikiɗa. Yana kiwon mutane masu baiwa kamar yadda makiyayi ke zaɓen bijimi, yana so ya sa ta cikin garkensa. A ganinmu babu littafinta da ya kai wannan ƙarfi, kuma nan ne illar wannan tsari take: za ka fara da wanda ta rubuta hannunta ya nuna, ka ƙare da na farkon fitowarta, wanda ya fi sauran rauni. Ka sa ran haka, kada ka karaya. A Mind of My Mind, tsohuwar da ake kira Emma ita ce Anyanwu. Clay's Ark kuma zai zo kamar ba shi da alaƙa da sauran, labarin wata cuta ce da ɗan sama jannati ya dawo da ita, sai a Patternmaster za ka ga inda igiyar ta haɗu.

Akwai na biyar a jerin, Survivor na 1978. Butler ta tsane shi, ta hana a sake buga shi, shi ya sa tsofaffin kwafinsa suke tsada ƙwarai. Labarin ya cika ba tare da shi ba.

Fledgling na 2005, littafinta na ƙarshe, shi za ka bari sai ka gama sauran. Jarumarsa Shori 'yar wata al'umma ce mai shan jini, shekarunta 53 amma jikinta na yarinya 'yar shekara goma ne, kuma akwai mu'amala tsakaninta da manya da za ta tayar wa mutane da yawa hankali. Ba na yara ba ne, kuma ba shi ake ba wanda bai san marubuciyar ba. Haka ma Kindred da littattafan Parable, akwai bulala da fyaɗe da kisa a fili, malami ko uba ya karanta su da kansa kafin ya miƙa wa ɗan sakandare.

Wanda yake karatun don shi ma ya koyi rubutu ya koma kundin Bloodchild, akwai maƙaloli biyu a ciki, "Positive Obsession" da "Furor Scribendi". Ta biyun 'yan shafuka ce kawai, shawararta kuma ita ce a daina jiran ilhama, a yi rubutu kullum, a yi ta gyara, a aika wa mawallafa ko da an sha dawo da shi. A 1995 ta zama marubuciyar ƙagaggun labaran kimiyya ta farko da ta samu kyautar gidauniyar MacArthur. Takardunta da littattafan da take yi wa kanta tuni a cikinsu suna ajiye a laburaren Huntington da ke San Marino, dab da Pasadena, kuma laburaren ya sa hotunan wasu shafukan a intanet, da rubutun hannunta.