Babi na Shida: Wa Ke da Kamfanin SOMAÏR?

Darasi na 1: Sunan kamfanin da shekarunsa

Iyayena da yayyena, ku buɗe littafin rubutu, ku ja layi a ƙarƙashin aikin jiya, sannan ku kwafi wannan suna da manyan baƙaƙe kamar yadda yake a allo: SOMAÏR. Baƙaƙe shida ne, ku ƙirga su da yatsa. A kan baƙi na biyar akwai ɗigo biyu, ba tawada ce ta ɗiga ba, haka ake rubuta shi. Ana faɗinsa "Somayir", kuma gajartaccen suna ne na Faransanci, ma'anarsa kamfanin ma'adinan ƙasar Abzin. Aikinsa haƙar yuraniyom a Arlit, arewa da Agadas, cikin Jamhuriyar Nijar.

Yanzu ku rubuta shekaru uku, kowace a layinta: 1957, 1968, 1971. A 1957 ne Faransawa masu neman tagulla suka tarar da yuraniyom a Azelik, wani wuri a yankin Agadas, tun Nijar ba ta sami 'yancin kai ba. A 1968 aka kafa kamfanin, a 1971 kuma ya soma fitar da kaya. Buɗaɗɗen rami ake haƙawa, a kwaso dutse, a niƙa, a tace shi har ya zama gari mai launin rawaya, a zuba a ganguna. Shekara da shekaru manyan motoci ne ke ɗauko gangunan ta hanyar Tawa zuwa Jamhuriyar Benin, daga tashar ruwan Kwatano kuma su wuce Faransa, inda ake sarrafa garin domin tashoshin lantarki.

Darasi na 2: Yadda ake karanta hannun jari

Wannan darasi shi ne ƙashin bayan babin, don haka kada kowa ya yi gaggawa. Kowa a nan ya san watanda: jama'a su haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka, a kasa naman kashi-kashi, kowa ya ɗauki daidai abin da ya biya. Kamfani ma haka ake kasa shi, sai dai kullum kashi 100 ake yi, ba a ƙarawa, ba a ragewa. Kashin da mutum ya riƙe shi ake kira hannun jari.

Kafin shekarar 2025, masu hannun jari a SOMAÏR biyu ne. Ku rubuta:

Orano, na Faransa: 63.4
SOPAMIN, na gwamnatin Nijar: 36.6

Ku ɗora yatsa a kan lamba ta farko. Tsakanin 3 da 4 akwai ɗigo. Idan kun iso ɗigon, ku tsaya, ku numfasa, ku faɗe shi da baki: sittin da uku, ɗigo, huɗu. Ku sake: sittin da uku, ɗigo, huɗu. Madalla. Wanda ya tsallake ɗigon zai ce ɗari shida da talatin da huɗu, kuma na sha jin haka daga manya masu hankali, har da 'yan kasuwar da ba a iya cutarsu ko dala ɗaya. Ba abin kunya ba ne. Amma ku tambayi kanku: san da aka kasa kashi 100, ta yaya mutum ɗaya zai ɗauki kashi 634? Duk lokacin da kuka karanta hannun jari kuka ji ya haura 100, to kun bar ɗigo a baya, ku koma ku nemo shi.

Abin da ke gaban ɗigo cikakkun kashi ne, abin da ke bayansa kuwa guntun kashi ne. A rabon kafin 2025, Orano na da cikakkun kashi 63, da guntun da bai kai rabin kashi ba. SOPAMIN na da cikakkun kashi 36, da guntun da ya ɗara rabi kaɗan. Ku haɗa 63 da 36, za ku sami 99. Ku haɗa guntayen nan biyu, su ba ku kashi ɗaya cif. Ga 100 ta cika.

To lamba ta biyu: talatin da shida, ɗigo, shida. Hajiya, ki bi da yatsa, kada ki ɗaga shi sai kin faɗi ɗigon. A takardun Faransanci za ku ga an sa waƙafi a madadin ɗigo, wato 36,6. Abu ɗaya ne, nan ma tsayawa ake yi. Ku rufe littafi, kowa ya rubuta lambobin biyu da ka, ya miƙa wa na kusa da shi ya duba ko ɗigon yana nan.

Na san akwai waɗanda tuni suka ce sun gane, suka soma hira. Malam, gemu ba ya hana mantuwa. Mako uku muka yi a kan ɗigon nan bara, amma ranar jarrabawa sai ga 634 a takardu, an rubuta shi da kyakkyawan hannu kuwa. Wanda bai maimaita a gida sau goma ba, kada gobe ya ce malami bai koyar ba. Sittin da uku, ɗigo, huɗu.

Abu ɗaya ya rage. A watanda mai babban kashi nama kawai ya fi ku samu, amma a kamfani wanda kashinsa ya haura 50 shi ke da ta cewa wajen tafiyar da aiki. Ƙasar da ake haƙawa ta Nijar ce, lasisin haƙar ma gwamnatin Nijar ke bayarwa, amma kafin 2025 rinjaye a kamfanin yana hannun Faransa. A ganina duk gardamar mallakar kamfanin da kuke ji a rediyo daga nan ta samo tushe.

Darasi na 3: Suna ya sauya, mai kaya bai sauya ba

Ku rubuta: Cogema 1976, Areva 2001, Orano 2018. Waɗannan ba baƙi uku ba ne da suka yi ta sayar wa juna kamfanin. Gida ɗaya ne mai sauya suna, kuma gwamnatin Faransa ce ke da rinjaye a cikinsa. A ɓangaren Nijar ma, ONAREM ce ke riƙe da kashin gwamnati, sai SOPAMIN ta gaje ta a 2007. Sauyin sunan na Faransa shi ya sa tsofaffin ma'aikatan Arlit da yawa har yau Areva suke cewa.

Darasi na 4: Aikin gida

COMINAK, kamfanin haƙar yuraniyom na biyu, yana Akokan kusa da Arlit, kuma an rufe raminsa a ranar 31 ga Maris 2021. Shekaru da dama rabonsa haka yake: Faransa 34, Nijar 31, Japan 25, Sifaniya 10. Ku haɗa ku ga ko 100 ta cika. Babu ɗigo a nan, kada wani ya ƙirƙiro shi.

Darasi na 5: Halin da ake ciki

Sojoji sun karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli 2023. A Disamba 2024 Orano ya ce tafiyar da SOMAÏR ta fita daga hannunsa, a Yuni 2025 kuma gwamnati ta sanar da mayar da kamfanin mallakar ƙasa. Orano bai amince ba, ya kai ƙara gaban masu sasanci na duniya. Ku kwafi shekarun uku, ku kawo ranar Litinin.