Darasi na 9: Karanta Tazkara Kafin Ka Hau Bas

A nan ƙasar Sudan, daga Gadarif zuwa Fot Sudan kusan kilomita 800 ne. Bas yakan tashi da sassafe, ya bi ta Shuwak da Hashmal Girba, ya tsaya Kasala a gindin duwatsun Taka, sannan ya miƙi hanyar Durdeb da Haya da Sinkat, ya gangara Sawakin, ya ƙarasa bakin teku. Tafiyar wuni guda ce cur. Kakanninmu da suka baro ƙasar Hausa da niyyar aikin hajji a ƙafa da bisa jakuna suka nufi Sawakin, wasu suka shekara a hanya, wasu suka yada zango suka yi gona, ga mu nan jikokinsu. Mu yanzu takarda ce 'yar ƙarama, ba ta kai tafin hannu ba, take kai mu. Larabawa na ce mata tazkara, wasunmu na ce mata tikiti. Ita za mu koyi karantawa a wannan darasi.

Da farko ku san irin motar da kuke nema. Akwai hafla, ƙaramar bas, wadda ba ta da lokacin tashi sai ta cika. Akwai kuma babbar bas mai na'urar sanyi, wadda ake kira bas siyahi. Wannan tana da ranar tashi da sa'ar tashi, kuma kowace kujera da lambarta. Manyan basbas ɗin nan ba na gwamnati ba ne, na kamfanoni ne masu zaman kansu, kowane da ofishinsa a tasha, da direbobinsa, da yaran motarsa. Saboda haka tazkarar wannan kamfani ba ta aiki a motar wancan, ko da gari ɗaya za su, ko da a jere suke tsaye. Wanda motarsa ta tafi ta bar shi, kamfanin da ke maƙwabtaka ba zai ɗauke shi don Allah ba, sai ya sake biya.

Kuna shiga tasha za ku gamu da 'yan kamasho, waɗanda ake kira kamsanjiyya, suna kiran sunayen garuruwa, wani ma ya kama jakarku tun ba ku yi magana ba. Neman abincinsu suke yi, kuma da yawansu mutanen kirki ne. Amma kuɗinku ku kai shi tagar ofis da hannunku, ku ga an rubuta takarda, ku karɓa. "Mota yanzu za ta tashi" magana ce ta fatar baki, ba a kai ta gaban kowa. Idan ta waya kuka biya, ta manhajar banki ta Bankak ko makamanciyarta, ku bar shaidar biyan a wayar har ku sauka.

To, ga tazkara a hannu. A samanta akwai sunan kamfani, galibi da lambar wayarsa. Ƙasa da shi za ku ga الاسم, wato suna. Ku tabbata sunan da aka rubuta shi ne wanda ke kan katin shaidarku, ba laƙabin gida ba. Dalili kuwa, kamfani na shigar da sunayen fasinjoji cikin wata doguwar takarda da ake kira manifisto, ita ake nuna wa jami'ai a shingayen hanya. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 shingayen sun ƙaru, bincike ya yi tsanani. Mutumin da ake kira Ɗanlami a unguwa amma katinsa na cewa Muhammad, idan ya bari aka rubuta Ɗanlami, shi ya jawo wa kansa tambayoyi, ya kuma tsayar da mota guda.

Sai التاريخ, kwanan wata. Lambar da ke da gurbi huɗu ita ce shekara. Ku fara karantawa daga ɗaya gefen: rana, wata, sannan shekara.

Inda na fi so mu daɗe shi ne lokaci, don nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Sau da yawa lokaci biyu ake rubutawa. Na farko الحضور, lokacin da ake son ku kasance a tasha don a loda kaya. Na biyu القيام, lokacin da mota za ta ɗaga. Kusa da lambar za ku ga harafin ص, ma'ana safe, ko harafin م, ma'ana yamma. Doguwar tafiya kusan kullum ص ce, domin 'yan sandan hanya sun daɗe suna hana basbas tafiyar dare a manyan tituna, dole direba ya yi sammako ya ci nisa da rana.

Lambobin kuma iri biyu ne a ƙasar nan. Ku ciro takardar kuɗi daga aljihu ku duba: gefe ɗaya lambar Larabci ce, ɗaya gefen lambar boko. Akawun tasha yakan rubuta wadda hannunsa ya saba da ita. Ga su a jere:

٠ ١ ٢ ٣ ٤ ٥ ٦ ٧ ٨ ٩
0 1 2 3 4 5 6 7 8 9

Ku lura da masu yaudara. Biyar ɗin Larabci, ٥, da'ira ce, kamar sifirin boko. Sifirin Larabci kuwa ɗigo ne kawai, ٠, wanda biro mai gardama kan iya ɓatar da shi. Bakwai, ٧, bakinta a sama yake kamar ƙwarya mai jiran ruwa. Takwas, ٨, ƙwaryar ce aka kife. Biyu da uku, ٢ da ٣, haƙori ɗaya ne ya raba su. Huɗu, ٤, tana kama da ukun boko da ta juya baya. Shida, ٦, ita ce uwar rikici, don sak bakwai ɗin boko take.

Wata dattijuwa da ta yi karatu a ajinmu ta taɓa shirin zuwa Sawakin, za ta hau jirgin ruwa zuwa Jidda don umra. Jikanta, ɗan makaranta, ya duba tazkarar ya ce mata, "Kaka, ƙarfe bakwai ne." Ta yi sallar asuba a natse, ta sha shayinta, ta yi sallama da maƙwabta gida gida, suka isa tasha bakwai saura. Motar ta yi nisa. Da ta zo mini da takardar tana faɗa, ta ce, "Malam, duba min, ai zalunci ne." Na duba, na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ٦ ce, shida suka rubuta." Kamfanin ba shi da laifi, yaron ma ban ga laifinsa sosai ba, ya karanta da idon boko ne. Ta sake sayen wata tazkarar washegari, Allah ya taimaka jirgin bai riga ya tashi ba. Tun daga ranar ita ke yi wa sababbin ɗalibai bitar ٦ da ٧, kuma ta fi ni zafi a kai.

Akwai wani tarko a lambar kujera, رقم المقعد. Rubutun Larabci daga dama ake fara shi, amma lambobi daga hagu ake karanta su, kamar na boko. ٢٥ ashirin da biyar ce. Sai dai Balarabe in zai faɗa da baki yakan fara da ƙaramar, ya ce hamsa wa ishirin, biyar da ashirin. Wanda bai sani ba sai ya je ya zauna a kujera ta 52, ko ya yi ta nemanta a motar da ba ta da kujeru haka. Abin da zai sauƙaƙa muku shi ne, ashirin da talatin da arba'in da hamsin namu duk daga Larabci muka aro su. Ku saurari kalmar da kunnenku ya sani, ita ce gomomin, wadda ta riga ta kuwa ita ce ɗaiɗaikun.

Kaya, wato afash, ciki ake sa su a ƙasan mota. Ku tsaya ku ga an saka naku da idonku. In an manna lamba a jaka an ba ku rabin takardar, ku haɗa ta da tazkara. In ba a bayar ba, ku rubuta sunanku da garin da za ku a jikin buhun, ga amfanin rubutun da muke koyo. Kuɗi, magani, katin shaida da fasfo ba sa shiga ƙasan mota.

A hanya za a tsaya cin abinci. Wurin kan cika da basbas, da yawansu ƙirar kamfani ɗaya ne na ƙasar Sin, launinsu ma kan yi kama. Kafin ku tafi neman ful, wato dafaffen wake, ko jabana, gahawa mai citta, ku zagaya ku karanta lambar motarku, ku rubuta ta a bayan tazkara. Ku tambayi yaron mota minti nawa za a yi. Tafiyar ta wuce tazarar ƙasaru nesa ba kusa ba, wadda malamanmu na Malikiyya suka ƙiyasta da mil 48, don haka azahar da la'asar raka'a bibbiyu ne, ba za su ci muku lokaci ba. Ku riƙe mayafi ko bargo mara nauyi, sanyin na'ura ba ya jin roƙo. Mai jiri kuma ya rage cin abinci kafin gangaren Akaba bayan Sinkat, inda titi ke murɗewa tsakanin duwatsu.

Gab da sallah ƙarama da babba kujeru kan yi wuya, ku sayi tazkara tun da kwanaki. A irin wannan lokaci 'yan sandan hanya kan tara basbas su sake su ayari ayari da rakiya don hana gudu, abin da ake kira tafwij. Motar za ta iya daɗewa a shinge tana jiran 'yan uwanta, ku gaya wa mai taryenku kada ya ƙosa.

Aikin gida: an rubuta a wata tazkara, الحضور ٥:٣٠ ص, القيام ٦:٠٠ ص, رقم المقعد ٣٧. Ku mayar da lambobin zuwa na boko a littafinku. Ƙarfe nawa ya kamata mai ita ya isa tasha, kuma in daga gidanku zuwa tasha tafiyar minti 40 ce, ƙarfe nawa za ku fito? Wace kujera ce tasa, kuma yaya akawu zai faɗe ta da Larabci? Wanda yake da tsohuwar tazkara a gida ya zo mana da ita ranar darasi na gaba, za mu karanta ta tare a allo.