Yadda ake gano yoyon baƙin mai a tsohuwar Marsandi

Da farko a bar injin ya huce, sannan a wanke shi tas, domin ba a gane mafarin yoyo a jikin injin da ƙura da maiƙo suka lulluɓe. Bayan ya bushe, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar, a tayar da ita na minti 15.

Daga nan a haska tocila a bi sawun man zuwa sama, tunda gangarowa yake yi. A tsofaffin motoci irin su Marsandi samfurin W124, sau da yawa robar murfin saman inji ce take bushewa ta tsage. A kwance murfin, a goge mazauninta sosai, a sa sabuwa mai inganci, kada a yarda da liƙi da gam. A ɗaure notuna daidai wa daida, domin matsewa da yawa na lanƙwasa murfin.

A ƙarshe a auna man, a cike abin da ya ragu.