Yadda Ake Tsara Famfon Sola Mai Sarrafa Kansa Ba Tare da Ƙafar da Rijiya Ba

Duk wanda zai haɗa wa rijiyar burtsatse famfo mai kunna kansa ya kashe kansa, aikinsa na farko shi ne gwada rijiyar. A ja ruwa na tsawon sa'o'i, a auna yadda ruwan yake sauka da lokacin da yake ɗauka kafin ya dawo, musamman a ƙarshen rani, sannan a zaɓi famfon da bai fi ƙarfin rijiyar ba. Wannan yana da muhimmanci domin mai injin fetur tsadar mai ce take taka masa birki, shi kuwa famfon sola, muddin rana ta fito, zai yi ta zuƙa har rijiyoyin maƙwabta su ƙafe. Saboda haka dole ne a gina iyakar a cikin na'urar kanta.

A cikin tanki a sa makunni mai bin tashin ruwa, wanda zai kashe famfo idan tanki ya cika, ya kunna shi idan ruwa ya sauka. A bar tazara mai kyau tsakanin matakan biyu, in ba haka ba injin zai riƙa tashi yana mutuwa har ya ƙone. A cikin rijiya kuma a sa ma'aunin matakin ruwa a saman famfon, wanda zai tsayar da shi kafin ya fara zuƙar iska, a kuma ba shi jinkiri kafin ya sake tashi.

Inda masu tsarawa suka fi yin sakaci shi ne tambayar abin da zai faru ranar da ma'aunin ya lalace. A haɗa wayoyin ta yadda idan ɗaya ta tsinke famfon zai tsaya, kuma kada a dogara ga ma'auni guda kaɗai. Jirage biyu ƙirar Boeing 737 MAX da suka faɗi a Indonesiya a 2018 da Habasha a 2019, inda mutane 346 suka rasu, suna ɗauke da tsarin da yake karɓar umarni daga ma'auni ɗaya tak. Famfo ba jirgi ba ne, amma kuskuren iri ɗaya ne. A ƙara mitar ruwa a bakin bututu domin a riƙa kwatanta abin da na'ura ta ce da abin da ya fito.

A tanadi makunnin hannu a wurin da mai kula zai isa, a rubuta bayaninsa da Hausa, boko da ajami. A yi amfani da kayan da makanikin garin zai samu a kasuwa, a koya masa gyara, a kuma nuna wa mai kula yadda zai share ƙurar hunturu daga farantan sola.

Kafin a kafa komai, a zauna da mai unguwa, da matan da suke ɗiba, da makiyaya, da 'yan garuwa waɗanda abincinsu yake kan ruwan, a amince kan lokutan ɗiba da wanda zai riƙe kuɗin gyara, sannan a saita na'urar bisa abin da aka amince a kai.