Yadda ake haɗa furikake, barbaɗen da Japanawa ke cin farar shinkafa da shi

A gidajen Japan ana dafa shinkafa ne fara fat, ba gishiri, ba mai, ba albasa. Ranar da babu lokacin gasa kifi ko haɗa romo, sai a zuba ta da zafinta a ɗan kwano, a ɗauko wata 'yar leda ko kwalba a barbaɗa mata abin da ke ciki, shi ke nan an yi abinci. Wannan barbaɗen shi ne furikake, kuma sunan ya fito ne daga kalmarsu ta barbaɗawa. Duk wanda ya taɓa cin shinkafa da mai da yaji ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sai dai namu barkono ne ke jan ragamarsa, nasu kuwa riɗi ne da busasshen kifi da ganyen teku, kuma ba a sa mai.

Ba don kwaɗayi aka fara shi ba. A zamanin da suke kira Taisho, wato 1912 zuwa 1926, wani mai haɗa magunguna a Kumamoto, Suekichi Yoshimaru, ya damu da yadda mutane ba sa samun isasshen sinadarin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi. Sai ya daka ƙananan busassun kifi har da ƙayarsu, ya gauraya da riɗi da ganyen teku don a kashe ƙarnin. An sa masa suna Gohan no Tomo, ma'ana abokin shinkafa, kuma har yau ana sayar da shi. A 1960 kamfanin Marumiya ya fito da Noritama mai ƙwai da ganyen teku, wanda yaran Japan suka taso da shi, sannan a 1970 kamfanin Mishima na Hiroshima ya fito da Yukari, wanda jan ganyen shiso ne, wani tsiro dangin na'a-na'a, mai ɗan tsami da gishiri.

Uwargida, ba sai kin jira wani ya dawo daga Tokyo ba. Abin bai fi aikin minti ashirin ba, kuma kwalba ɗaya za ta ɗauke ki kwanaki.

Da farko, shinkafar

Ni a ganina a nan ake faɗuwa ko a tashi, don furikake ba ya gyara shinkafar da ba ta dahu da kyau ba. Ta Japan gajeriyar ƙwaya ce mai danƙo, shi ya sa barbaɗen ke manne mata. Idan kika zuba shi a kan doguwar shinkafar da aka turara, irin wadda muke dafa-duka da ita, zai zurare ya taru a gindin kwano, ki cinye shinkafa lami sannan ki tarar da gishiri a ƙarshe. In ba ki samu ta Japan ba, shinkafar tuwo ta fi kusa da ita, in dai ba ki bari ta caɓe ba.

Ma'auninsu ana kiransa go, mililita 180 ne, ya ɗan ɗara gwangwanin madara. Ki auna biyu don mutum biyu ko uku. Ki wanke sau uku ko huɗu, kina zubar da ruwan farko da sauri kafin shinkafar ta sha ƙurar dusa. Ki jiƙa ta minti 30, ki tsane, sannan ki zuba a tukunya mai murfi mai kamawa, da ruwan da ya ɗara yawan shinkafar kaɗan, wato go biyu da kusan rabi. Idan ta tafasa ki rage wuta can ƙasa minti 12, ki kashe, ki bar ta a rufe minti 10. Kada ki buɗe murfin a tsakani, ko da hannunki na ƙaiƙayi. Kada kuma ki sa gishiri, domin gishirin yana zuwa daga sama.

Kayan haɗi

Riɗi cokalin cin abinci huɗu, fari ko baƙi ko a haɗa. Nori falle biyu, shi ne ganyen tekun da ake busarwa kamar takarda, wanda ake naɗe sushi da shi, wato abincinsu na shinkafa da ake yawan haɗawa da kifi. Katsuobushi cikin hannu biyu, kimanin giram 10: kifi ne dangin tuna da ake dafawa, a banda, a busar har ya yi tauri kamar itace, sannan a fere shi siri-siri. Sai shoyu cokalin cin abinci ɗaya, wato baƙin ruwan ɗanɗanon nan na waken suya da alkama. Sukari cokalin shayi ɗaya, gishiri rabin cokalin shayi.

Riɗi dai ba matsala ba ne, tunda Japan ɗin ma shigo da kusan duk wanda take ci take yi, kuma Nijeriya na cikin masu sayar mata. Nori da shoyu ana samunsu a manyan kantunan da ke sayar da kayan abincin ƙasashen Asiya. Katsuobushi ne mai wuyar samu. A madadinsa ki nemi busasshen kifi ɗan banda wanda ya bushe ƙarau, ki cire ƙaya da fata, ki daka tsokar sama-sama. Ba zai zama daidai da nasu ba, ƙamshin hayaƙinsa ya fi ƙarfi, don haka ki rage yawansa. In nori ya gagara, busasshen zogale da aka murtsuke zai ba ki launi, amma gaskiya ba zai ba ki ƙamshin teku ba.

Suyar riɗi

Ki tsince riɗin, ki wanke in da ƙasa, ki shanya ya bushe sarai. Ki ɗora kasko ba mai, wuta kaɗan, ki zuba ki yi ta juyawa. Cikin minti uku zuwa biyar za ki ji ƙamshi, wasu ƙwayoyin su fara tsalle. Ki ɗauki ƙwaya ɗaya ki murza tsakanin yatsu, in ta fashe ba gardama to ya yi. Ki juye a faranti nan take, don zafin kasko zai ci gaba da ƙona shi, kuma ƙonannen riɗi ɗaci yake yi wanda sukari ba ya ɓoyewa. Ki raba biyu, ki ɗan daka rabi a turmi don mansa ya fito da ƙamshi, ki bar rabin da ƙwayarsa don a ji shi a haƙori. Kar dakan ya yi yawa ya koma tunkuza.

Kifin, inda ake buƙatar haƙuri

Ki murtsuke katsuobushi da hannu a cikin kaskon nan, ki zuba shoyu da sukari, ki juya a wuta mafi ƙanƙanta. Da farko zai jiƙe ya dunƙule, har ki ce kin ɓata. Ki ci gaba da juyawa kina fasa dunƙulen da bayan cokali. Bayan kamar minti biyar zuwa bakwai zai warware, ya yi duhu, ki fara jin yana ƙara a jikin kasko kamar yashi. Wannan ƙarar ita ce alamar. Muddin yana manne wa cokali, akwai sauran ruwa a jikinsa, kuma ruwan nan shi ne zai sa miki fumfuna a kwalba bayan kwana huɗu. Sukari kuma yana saurin ƙonewa, saboda haka kada ki ƙara wuta don ki gama da wuri, kada kuma ki tafi amsa waya.

Idan ya bushe ki baza shi a tire ya huce gaba ɗaya. Sannan ki zuba riɗi da gishiri ki gauraya, ki ɗanɗana. Ya kamata gishirinsa ya ɗan fi ƙarfin a ci shi haka nan, tunda shinkafar da zai hau ba ta da komai.

Nori shi ne na ƙarshe. Ki ɗan gitta kowane falle a saman wuta sau biyu ko uku har ya yi ƙaras, ki yanka da almakashi ƙanana ko ki sa a leda ki murtsuke. Idan kika zuba shi tun kifin na da ɗumi, zai sha tururi ya yi laushi kamar tsumma.

Wadda ba ta da komai sai riɗi da gishiri ma ba ta rasa ba. Akwai gomashio, mafi sauƙin barbaɗensu: ki narka gishiri cokalin shayi ɗaya a ruwa cokali biyu, ki zuba kan soyayyen riɗi cokali huɗu a kasko, ki juya har ruwan ya ƙone, gishirin ya lulluɓe kowace ƙwaya. Da wannan suke cin sekihan, shinkafa da jan wake da suke dafawa ranar murna. Na gwada shi a kan garau-garau, kuma ya zauna daram.

Yadda yake zama abincin gaggawa

Dabarar Japanawa ita ce shinkafa ba ta yanke musu. Sukan dafa da yawa, su raba a naɗe kowane kaso tun tana da zafi, idan ta huce su sa a firiza. Lokacin ci sai a ɗumama kaso ɗaya minti biyu ko uku a na'urar ɗumama abinci. In ba ki da na'urar, ki turara ta a madambaci. Zafin yana da muhimmanci, domin tururin shinkafar ne ke tayar da ƙamshin nori da kifin. Cokalin shayi ɗaya zuwa biyu ya ishi kwano guda, kuma a saman ake barbaɗawa daf da za a ci.

Don guzurin makaranta ko ofis, ki yi onigiri. Ki gauraya furikake cikin shinkafa mai ɗumi, ki jiƙa hannu, ki shafa ɗan gishiri a tafinki, ki ɗebi kamar cikin hannu ki dunƙula mai kusurwa uku ko kamar curin fura. Matsawa uku ko huɗu ta isa, in kika danne da ƙarfi tuwo za ki yi. A yanayin zafi kada a bar shi ya yini a jaka.

Akwai kuma ochazuke, wanda na fi so da dare ko lokacin da mura ta kama mutum. A zuba shinkafa a kwano, a barbaɗa furikake, a kwarara koren shayi mai zafi, ba sukari ba madara, har ya kai rabin shinkafar, a sha da cokali. Kamfanin Nagatanien ya fara sayar da haɗinsa a 'yan ledoji tun 1952. A Kyoto bubuzuke suke ce masa, kuma ana tsokanar mutanen garin cewa in mai gida ya yi maka tayinsa, yana nufin ka daɗe, ka kama hanya.

Kada dai a ɗora wa furikake nauyin da ba nasa ba. Cokali biyu na barbaɗe ba su maye gurbin nama ko kayan lambu, kuma na kanti gishirinsa ba kaɗan ba ne, mai hawan jini ya kula. Ki haɗa da dafaffen ƙwai ko soyayye da yankakken kokwamba. Su Japanawa ɗanyen ƙwai suke fasawa kan shinkafa mai zafi, amma nasu ƙwan ana wanke shi, a tantance, a rubuta masa ranar da za a daina cinsa ɗanye. Wanda kika sayo a kiret a kasuwa, ki dafa shi.

In na kanti za ki saya

Ki juya bayan ledar ki duba kayan da ke ciki. Wasu na ɗauke da romon naman alade da aka busar, wasu kuma da mirin ko sake, waɗanda giyar shinkafa ce da suke girki da ita. Ko ba ki iya karatun Japananci ba, ki riƙe haruffa biyu: 豚 alade ne, 酒 giya ce. Shi ma shoyu, tunda tsima shi ake yi, wasu nau'o'insa na da ɗan barasa, don haka a nemi mai tambarin halal. Wannan na cikin dalilan da suka sa na fi son haɗawa a gida.

Ajiya

Kwalbar gilashi busasshiya mai murfi mai kamawa, kuma kada a tsoma mata jiƙaƙƙen cokali ko a riƙe ta a saman tururin shinkafa ana zazzagawa. A firij zai kai mako biyu lafiya. Da hunturu yana iya zama a kan kanta na 'yan kwanaki ba abin da zai same shi, amma da damina nori na jan laima cikin dare ɗaya. A wannan lokacin gara ki ajiye riɗin da kifin a kwalba, ki bar nori a ledarsa a ɗaure, ki murtsuke wanda za a ci a kan kwanon.