Yaro ya gama kemo, toh ya za a yi ya koma wasa?

Ranar da aka ce an gama yi wa ɗan yayata kemo, wato maganin cutar kansa, har sadakar waina muka raba a layi. Irin kansar nan ce mai kumbura wa yara muƙamuƙi ko ciki, wadda likitoci ke ce wa Burkitt, sunan likitan da ya fara bayaninta a Uganda a 1958. Shekarar yaron 7 lokacin da aka gama masa maganin. Toh bayan nan fa wata uku cur yaron nan bai taka ƙofar gida ba sai in asibiti za a je, Hajiyarmu ta shimfiɗa masa katifa a falo, ya miƙe ta ce zauna, ya ce zai leƙa wajen yara ta ce "kul, ba dai ina raye ba, wannan da kyar Allah Ya bar mana shi". Ba wanda ya ga laifinta, duk mun ga abin da ta gani. Sai da muka koma ganin likita, ya ce yaron ya tsuguna ya tashi, wallahi sai da ya dafa gwiwa da hannu biyu sannan ya iya miƙewa. Likitan ya dubi yayata ya ce, "Maman yaro, wa ya ce ku ɗaure shi a ɗaki?"

Abin da muka koya daga nan shi zan rubuta, ko wata uwar za ta amfana.

Kafin komai, ki koma asibitin da aka yi masa magani da tambaya a bakinki, kar ki tsaya a "ya jiki, da sauƙi". Ki ce a rubuta miki sunayen magungunan da aka ba shi, da ko an yi masa gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, da inda aka gasa, da irin aikin da aka yi masa. Ki adana takardar nan kamar takardar fili, don wasu matsalolin sai bayan shekaru suke fitowa, lokacin fayil ya yi nisa. Sannan ki tambaya kai tsaye: wane wasa zai iya, wanne ne ba zai yi ba tukuna? In jininsa bai gama dawowa ba, musamman ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, za a ce a dakata da duk wasan da ake faɗuwa ko karo.

Magunguna iri uku nake so ki duba a takardar, don su ne suka fi shafar maganar wasa. In kin ga vincristine, wanda ake ba yara da yawa masu kansar jini da ta ƙoda da ta ido da irin ta ɗanmu, shi yana taɓa jijiyoyin ƙafa da hannu. Za ki ga yaro yana yawan tuntuɓe a fili ba dutse ba rami, silifas na fita daga ƙafarsa bai sani ba, ko yana buga tafin ƙafa a ƙasa fat-fat in yana tafiya, maɓallin riga ma ya gagare shi. Ba sakarci ba ne ba kuma iskokai ba, kar a yi masa faɗa. Mu abin da aka koya mana a sashen fisiyo, inda ake koyar da motsa gaɓoɓi: ya dafa bango ya miƙar da ƙafa ɗaya baya, diddige a ƙasa, a ƙirga 20, a canza ƙafa. Ya yi tafiya a kan diddige daga ƙofar ɗaki zuwa bakin famfo, ya dawo a kan yatsu. Ya tsaya da ƙafa ɗaya yana riƙe da hannunki, in ya ƙware ki sake shi. Ki saya masa kambas mai igiya, silifas ba na wasa ba ne a wajen irinsa. Da yawa abin yana raguwa a hankali bayan an daina maganin, amma in wata da watanni sun shuɗe yana nan yadda yake, a koma fisiyo.

Na biyu doxorubicin, jan ruwan nan da har fitsari yake sauya wa launi. Shi zuciya yake iya raunanawa, kuma ba lallai a gani da wuri ba. Yaron da aka ba shi, ko aka yi wa gashi a ƙirji, yana buƙatar hoton zuciya lokaci-lokaci, ki tambaya yaushe ne nasa na gaba. Wannan ba yana nufin ya zauna ba, tafiya da gudu daidai ƙarfinsa ma su ne ke taimakon zuciyar, abin da ake jan kunne a kai shi ne ɗaga kaya mai nauyi da yunƙuri, irin a ce ya kinkimo jarka 25 daga bohol ko samarin layi su ja shi ɗaga ƙarfe. Wannan sai likita ya yarda.

Na uku su prednisolone da dexamethasone. Su ke sa kumatu su cika, ci ya buɗe, amma cinya ta yi laushi ƙashi ya yi rauni. Mutane su ga yaro ya yi ɓul-ɓul su ce ma sha Allah ya murmure, alhali tashi daga tabarma wahala yake ba shi. In yana kukan ciwon ƙugu ko gwiwa da ya ƙi dainawa, ko ya fara ɗingishi, ki dakatar da tsalle-tsalle a je a duba ƙashin.

Toh sai farawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu kamar minti 60 a rana yana motsa jiki har numfashi ya ɗan ɗaga, sannan sau 3 a sati ya yi abin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi. Can ake son a kai, ba daga can ake farawa ba. Mu da minti 5 muka fara, daga gida zuwa kantin bakin layi a sayo Maggi a dawo, safe da yamma, bayan sati aka ƙara, aka fara binsa masallaci da ƙafa tare da babansa. Ba dole sai a haɗe ba, goma nan goma can duk lissafi ne. Yadda za ki gane ya yi daidai: yana haki kaɗan, yana iya yi miki magana amma ba zai iya rera waƙa ba. In maganar ma ta gagara, an wuce gona da iri. Kuma ki lura da washegari, in ya tashi a galabaice ya kasa komai toh jiya an yi yawa, a rage, ba a daina ba. Gajiyar bayan kemo gaskiya ce, ba lalaci ba, kuma abin mamaki kwanciya ƙara ta take yi.

Kar ki ce masa "zo ka yi motsa jiki", yaro ba ya son magani ko da sunansa ne, bare wanda ya sha allura har ya gaji. Wasa za ki ba shi. Garin taya, ɓuya, jefa ƙwallo a bokiti, keke a tsakar gida, 'yar gala-gala ma tana gyara tsayuwa sosai saboda tsallen ƙafa ɗaya. Langa da kokawa su jira tukuna. 'Yan mata kuma don Allah kar a manta da su, don su ne aka fi barin su a ɗaki ko da lafiyarsu ƙalau, ki tara mata ƙawaye biyu uku a yi gaɗa da tsallen igiya a tsakar gida, shara da 'yan aike ma motsi ne in ba su yi nauyi ba. Wayar nan kuma da aka saba miƙa masa a gadon asibiti don ya yi shiru, a fara janye ta a hankali.

Zafinmu ba wasa ba ne, daga Maris zuwa Mayu kar a fita sai da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, da gorar ruwa a hannu. Wanda aka cire wa ƙoda ɗaya wannan ya fi zama dole a kansa, ya sha ruwa kafin wasa da bayansa, kuma in jiki ya yi tsami kar a ruga kemis a sayo ibuprofen ko diclofenac, suna wahalar da ƙoda, a tambayi likita abin da zai sha. Wanda aka cire wa ido ɗaya ya sa gilashin kariya marar fashewa duk sanda zai yi ƙwallo ko wasan da ake jifa, ɗayan nan shi ne duk abin da ya rage masa. Wanda aka yanke wa ƙafa shi ma yana wasa, sai dai tsarinsa a fisiyo za a ɗora shi. Da hunturu in ƙura ta yi yawa a yi a cikin gida.

Makaranta, ki je da kanki ki ga malaminsa na boko da na Islamiyya. Ki ce a bar shi ya fita filin wasa da 'yan ajinsu, kar a ajiye shi gadin jakunkuna, amma in ya ce ya gaji a yarda da shi ya zauna. Ki roƙa kar a sa shi tsallen kwaɗo ko kamun kunne ko tsayuwar rana.

Waɗannan kuma in kin ga ɗaya a tsaya nan take a nufi asibiti: ciwon ƙirji, numfashi ya gagara alhali wasan bai kai ya kawo ba, bugun zuciya ba tsari, jiri ko suma, kumburin ƙafa ko fuska, haɓo ko jinin da ya ƙi tsayawa, tabon duka ba wanda ya buge shi, ko wani sabon kumburi a jiki. Ranar da yake zazzaɓi ba wasa, a je a auna shi, kar a ce maleriya ce kawai a sayo magani.

Maganar Hajiya kuwa, musu da ita bai yi mana aiki ba ko kaɗan. Ɗaukarta muka yi a adaidaita ranar ganin likita ta ji da kunnenta, ta yi tambayoyinta har da ko gudu zai iya tayar da ciwon, ya ce mata a'a Hajiya, gudu ba ya dawo da shi. Yanzu in la'asar ta yi ita ke fitar da kujera ƙofar gida ta zauna da gorar ruwansa a cinya, shi yana tsaron gida a ƙwallon yaran layi, in ya faɗi sai ta ce "Innalillahi" ta miƙe, ya kaɗe wandonsa ya ce "Hajiya ba komai", ta koma ta zauna.